Akwatin kan sarki: littafin aikin tantancewa

6 ga Janairu, 2024

Yau na zazzage akwatin a kan tebur na ƙirga. Kan sarki 612 ne, wasu a manne a shafukan wani tsohon kundi, wasu zube cikin ambulan tara. Wanda ya fara tara su ya daɗe da rasuwa, bai kuma bar wani bayani ba sai 'yan rubuce-rubuce da fensir a gefen shafi. Kusan duka na zamanin mulkin mallaka ne, na Ingila da Faransa da Jamus a Afirka ta Yamma. Niyyata in bi su ɗaya bayan ɗaya, in san kowanne na ina ne, na wace shekara, sannan in ware na gaske daga jabu. Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan don kada in maimaita aiki, kuma idan na kauce a gane inda na kauce.

Kayan aikina ba su da yawa: hantsaki mai faɗin baki, gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, baƙin faranti, ma'aunin haƙoran gefen kan sarki, da katalogin Stanley Gibbons, wato littafin da ya jera kan sarki da bayaninsu. Hantsakin dole ne, domin maiƙon yatsa yana barin tabo wanda sai bayan shekaru yake bayyana.

13 ga Janairu

Na raba su ƙasa-ƙasa. Ɓangaren Ingila ya fi yawa, kuma shi ya fi rikitarwa, saboda yankin da ya zama Nijeriya a 1914 ya yi kan sarki da sunaye har biyar kafin haɗewar. Legas ta fara nata a 1874. A 1892 aka ɗauko kan sarkin Ingila aka buga masa sunan Oil Rivers, wato yankin Neja Delta, a sama, shekara guda bayan haka sunan yankin ya koma Niger Coast. Arewa ta samu nata a 1900, Kudu a 1901, wato hoton Sarauniya Biktoriya ya fito a na Kudu bayan ta riga ta mutu a watan Janairun shekarar. A 1906 aka haɗe Legas da Kudu.

Abin da na fi tsayawa a kai yau shi ne dabarar kamfanin De La Rue na Landan, wanda ya buga yawancinsu. Sau biyu ake buga kowace takarda. Farantin farko yana ɗauke da kan sarauniya da adon da ya kewaye shi. Na biyu yana ɗauke da kuɗi, a wasu kuma har da sunan ƙasa. Da haka faranti ɗaya na kai yake yi wa ƙasashe da dama aiki, an rage tsada. To amma wannan sauƙin shi ne ƙofar da mai jabu yake shigowa: tunda kuɗin yana zaune a gurbinsa shi kaɗai, ana iya kankare shi a ɗora wani. Na rubuta wannan a katin da na jingina a gabana.

A ambulan ta bakwai na ga wani shuɗi na Legas, an rubuta sule biyar a ƙasansa. Gabana ya faɗi. Na sa shi gefe, ba zan taɓa shi ba sai hannuna ya faɗa da aikin.

21 ga Janairu

Na yi asara. Na jiƙa guda goma sha biyu a ruwa don in ɓanɓare tsohuwar takardar da ke bayansu. Uku daga ciki na Arewa ne masu kan Sarki Edward na VII. Kafin in ankara launin shunayyar ya fara narkewa, koren wani kuma ya koma fari-fari mai ɗorawa. De La Rue da gangan suka yi amfani da tawada mai gudu a ruwa, musamman kore da shunayya, domin duk wanda ya yi ƙoƙarin wanke hatimi ya sake amfani da kan sarkin, hoton ma ya tafi tare da hatimin. Na san da wannan a karatu, amma ban duba abin da na tsoma ba. Abin ya yi mini zafi, don sun fi shekara 110 suna jiran hannun da zai kula da su.

Daga yau babu tsomawa. Zan ɗora su a kan danshin takarda ta baya kawai, a cikin rufaffen mazubi, har tsohuwar takardar ta saki da kanta.

3 ga Fabrairu

Makonni biyu ina kan tambarin cikin takarda. Ana kifa kan sarkin a baƙin faranti, a ɗiga masa man laita kaɗan, sai tambarin ya fito na 'yan daƙiƙu kafin man ya bushe. A yankunan Ingila tsarin a fili yake. Na farko kambi ne da haruffan CC. Daga wajen 1882 aka koma kambi da CA, guda ɗaya a tsakiyar kowane kan sarki. Daga 1904 kuma aka yi kambi da CA ƙanana barbaje ko'ina, ta yadda kowanne zai ɗauki guntayen da dama. Wannan kaɗai ya raba mini masu kan Edward gida biyu, na 1902 da na baya.

Haƙoran gefe kuma ana ƙirga su ne a tsawon santimita 2, ƙa'idar da wani Bafaranshe, Jacques Legrand, ya fito da ita a 1866. Na Arewa duk 14 ne. Na Legas na farko 12½ ne, daga 1876 suka koma 14.

Nan na kama jabuna na farko, guda biyar, uku na Legas biyu na Gold Coast, wato Ghana ta yanzu. Babu tambari a takardarsu sam. Haƙoran kamar an yaga da ƙaya. Layukan da ke bayan kan sarauniya, waɗanda a na gaske suke siriri a jere kamar an ja da reza, a nan sun kakkarye sun haɗe. Hatimin ma ba suna ba rana, 'yan ɗige-ɗige ne kawai. Duk alamun sun yi daidai da aikin gidan Spiro na Hambug, waɗanda daga 1864 suka yi ta buga kwaikwayo da bugun dutse, wato bugu daga zanen da aka yi a kan shimfiɗaɗɗen dutse, 25 a kowace takarda, suna sayarwa da arha ga masu son cike gurbi a kundi. Irin wannan ba ya ba da wahala. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

6 ga Fabrairu

Katalogi ya raba wasu masu kan Edward zuwa takarda zalla da takarda mai shafen alli. Tsohuwar hanyar gwaji ita ce a goga azurfa a gefe, idan mai alli ce sai layi ya fito kamar na fensir. Ba zan yi ba. Layin ba ya fita duka, kuma ban ga dalilin ɓata abu don a san sunansa ba. Na koma karkata su a hasken taga: mai alli tana da santsi, tawadar tana zaune ɗas a samanta.

17 ga Fabrairu

Ɓangaren Faransa. Masu mahayin raƙumi da aka buga wa sunan yankin Nijar a sama a 1921, da na 1926 masu hoton rijiya da kwalekwale da ganuwar Damagaram, duk lafiya lau suke. Suna da yawa a duniya, babu ribar da mai jabu zai samu.

Matsalar tana ga tsofaffin, zanen 1892 mai mutum biyu zaune a gefen allon kuɗi, alamar sufurin ruwa da kasuwanci, wanda Faransa ta raba wa kusan duk yankunanta, sai sunan ƙasa kawai ake canzawa a ƙasa. Ina da 41, na Senegal, da na Sudan ta Faransa (Mali ta yanzu), da na yankin da ake kira “Senegambiya da Nijar”. François Fournier na Janeba ya kwaikwayi wannan zane da yawan gaske, kuma aikinsa ya fi na Spiro kyau nesa ba kusa ba. Shi dai bai ɓoye ba, yana tallarsu ne a matsayin kwaikwayo. Waɗanda suka saya daga gare shi ne suka watsa su cikin na gaske.

Ma'aunin haƙora ya yi mini rabin aikin. Na gaske 14 ne a sama da ƙasa, 13½ a gefe. Na Fournier a juye suke, 13½ a sama, 14 a gefe. Sauran rabin gilashi ya yi: a na gaske ana ganin yatsun hannun da ya riƙe sandar tuta, a nasa kuwa hannun dunƙule yake. Cikin 41, guda 17 nasa ne. Na yi mamakin yawansu, har na sake auna kowanne sau biyu. Haka ne.

2 ga Maris

Wannan ne ya fi koya mini abu tun da na fara.

Kan sarkin Arewa ne na 1900, sule biyu da sisi, kore da shuɗi, mai kan Biktoriya. Takarda daidai, kambi da CA guda ɗaya, haƙora 14, bugu tsaf. Na gaske ne, ba tantama. Hatimin da ke kansa zagayayye ne, baƙi, ya zauna a tsakiya kamar an auna: KANO, Agusta 1901. Kwana uku ina jin daɗinsa. Ranar Alhamis da dare ina kwance sai shekarar ta faɗo mini a rai. Sojojin Ingila ba su shiga Kano ba sai 3 ga Fabrairu, 1903. A 1901 Sarki Alu ne a kan gado, hedikwatar Gwamna Lugga tana Jebba, ko Zungeru ba a koma ba sai 1902. Wane gidan waya na Ingila ne zai buga hatimi a Kano a 1901? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya sassaƙa hatimin ya san sunan gari ya kuma san shekarun da kan sarkin ya yi aiki, amma bai haɗa su da tarihi ba.

Dalilin yin haka a fili yake. Masu tsada na wannan jeri kaɗan ne suka taɓa hawa wasiƙa, yawancinsu sun tafi hannun dillalai sabbi ful. Saboda haka wanda aka yi amfani da shi ya fi sabo daraja. Sai a samu sabo wanda ƙaron bayansa ya lalace, a wanke ƙaron, a buga masa hatimi. A Landan an yi wata da aka fi sani da Madam Joseph, wadda aka danganta mata irin waɗannan hatimai sama da 400, yawancinsu na katako. Da yake ranar a sassaƙe take a jikin katakon, ba ta canzawa, ita ce take tona su: rana ɗaya a gari ɗaya tana ta maimaituwa a kan sarki daban-daban. Kayan nata yanzu suna ajiye a ƙungiyar masu tara kan sarki ta Royal Philatelic Society ta Landan.

Abin da ya fi damuna shi ne, nan ba a ƙirƙiro jabu daga babu ba. Abu na gaske aka ɗauka aka lalata. Da an bar shi ba ƙaro da har yau shaida ce ta gaskiya.

Na koma kan duk masu hatimi, na fara rubuta gari da rana a jadawali, ina gwada su da shekarar da garin ya shiga hannun Turawa.

16 ga Maris

Wani dattijo da ya yi aikin gidan waya shekaru masu yawa ya zo ya ga aikin. Yana jujjuya tarin da na ware a matsayin ɓatattu sai ya tsaya a kan wani kwabo ɗaya na Arewa mai kan Biktoriya, wanda aka yi wa rubutu da jar tawada. Ni na ɗauka wani ne ya yi amfani da shi a rasit.

Ya ce, “Ɗana, ka karanta rubutun kuwa?”

Na ce, “Baba, ai gicciye ne kawai.”

Ya miƙo mini gilashin. Ashe haruffa ne. Ana ganin ƙarshen kalmar ofis da Turanci, a ƙasa “bba”, sai 1900. A watannin farko na mulkin Arewa hatimai ba su iso ba, ma'aikata da alƙalami suke soke kan sarki, su rubuta gidan waya da sunan gari da rana. Na Jebba da jar tawada sanannu ne a wajen masu wannan harka. Rubutun yakan zarce kan ambulan, shi ya sa rabi kawai ya rage a nan.

Rubutun hannu ya fi hatimi sauƙin kwaikwayo, don haka ban sa shi cikin tabbatattu ba tukuna. Amma na fitar da shi daga ɓatattu, na ba shi aljihunsa shi kaɗai.

30 ga Maris

Na ɗauko shuɗin nan na Legas. Sule biyar shuɗi na 1886 yana cikin manya uku na Legas, tare da sule biyu da sisi da sule goma, waɗanda ba su daɗe ba aka canza musu launi. Kambi da CA, akwai. Haƙora 14, daidai. Takarda irin ta De La Rue.

Sai dai a kan wannan duk waɗannan gwaje-gwaje ba su isa ba, saboda Jean de Sperati ya taɓa shi. Mutumin Italiya ne, an haife shi a 1884, ya zauna a Aix-les-Bains ta Faransa. Dabararsa ta sha bamban. Yakan sami kan sarki na gaske mai arha, ya wanke hoton da magani, ya bar takardar da tambarinta da haƙoranta, wani lokaci har da hatiminta, sannan ya buga mai tsadar a kai ta hanyar ɗaukar hoto da bugun dutse. Duk abin da zan auna na gaske ne, hoton kaɗai ne ƙarya. A 1942 kwastan ɗin Faransa suka kama wani ƙunshi da ya aika Lisbon, aka tuhume shi da fitar da dukiya daga ƙasa. Ya ce ai kwaikwayo ne. Masanin binciken laifi Edmond Locard ya duba ya ce na gaske ne, sai da Sperati ya tabbatar wa kotu cewa aikin hannunsa ne. A 1948 wata kotu a Faris ta same shi da laifin zamba. A 1954 ƙungiyar British Philatelic Association ta saye kayansa don su daina yawo, ya mutu a 1957.

Inda ake kama shi shi ne irin bugun. De La Rue bugun tudu suke yi, faranti yana danna takarda, tawada tana taruwa a bakin kowane layi, wani lokaci har shatin bugun ya fito ta baya. Bugun dutse kwance yake, ba ya dannawa, kuma yakan bar 'yan fararen ɗigo da karyewar layi. Na shafe awa biyu da gilashi. Kan sarauniya da kewayensa bugun tudu ne sosai, bakin layukan a cike. Wannan ya fitar da Sperati. Amma haruffan kuɗin da ke ƙasa ba su kwanta mini ba. Shuɗinsu ya ɗan fi duhu, wanda shi kaɗai ba laifi ba ne tunda bugu biyu ne. Abin da ya tsaya mini shi ne takardar da ke ƙarƙashinsu ba ta ƙyalli kamar sauran.

9 ga Afrilu

Fitilar nan mai shuɗin haske, irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita, ta iso. Na kashe wutar ɗaki na haska.

Gurbin kuɗin ya fito da wani launi daban, mai kusurwa huɗu, kamar faci a riga. Na ɗaga shi a hasken taga, wurin ya fi sauran sirantaka. A gefen hagu akwai inuwar wani harafi da ba ya cikin sule biyar. Legas ta yi kwabo biyu shuɗi a wannan zanen, a takarda mai CA, a 1882. Shi aka kankare. Katin da na jingina a gabana tun Janairu ya faɗi gaskiya.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba, wata uku ina ɗauke da fata. Na rubuta masa kati: kwabo biyu na 1882, an canza kuɗin.

Fitilar ta ƙara tona wasu huɗu. Yawancin masu tsada na yankunan Ingila an rubuta a jikinsu cewa na wasiƙa ne da na haraji, kuma da yawa a takardun hukuma suka ƙare, an soke su da alƙalami. Fam 25 na Arewa na 1904 shi ne ƙarshen misali, babu wasiƙar da za ta ci wannan kuɗi. Huɗun nan an wanke musu rubutun alƙalami an shafa sabon ƙaro don su zama kamar sabbi. A ƙarƙashin fitila rubutun ya dawo ɓaro-ɓaro, ƙaron kuma ya malalo har kan haƙora ya sandarar da su. A na asali ana shafa ƙaro kafin a huda, don haka bakin haƙoran yana da laushin zare.

Jar tawadar Jebba kuwa ta dusashe daidai da tsufan takardar, ba ta nashe ba, babu alamar wanki a ƙarƙashinta.

20 ga Afrilu

Na Jamus, masu hoton jirgin ruwan Kaisa, sarkin Jamus, mai suna Hohenzollern, na Kamaru da Togo daga 1900. Yawancinsu sabbi ne kuma na gaske. Biyu na Kamaru masu haruffan C.E.F. na rundunar Ingila ta 1915 na ajiye sai na auna tsawon haruffan.

A Oil Rivers na kama ɗaya cikin sauƙi. Hatimin da ke kansa na wani gari ne a Ingila, kuma tawadar sunan Oil Rivers ta hau kan tawadar hatimin. Wato an gama amfani da shi a can kafin a buga masa sunan.

4 ga Mayu

Inda aka kwana: na duba 438. Na gaske 396, jabu zalla 24, na gaske da aka yi wa aiki 9, masu jiran hukunci 9. Saura 174, yawancinsu na Saliyo da Gambiya, da na Niger Coast da kamfanin Waterlow ya buga, waɗanda haƙoransu suka bambanta sosai har a jeri ɗaya, don haka ma'auni ba zai yanke hukunci a kansu da sauri ba.

An ba ni shawara in ƙone jabun. Ban yarda ba. Da na Fournier 17 ɗin nan na koyi ganin na gaske, kuma duk wanda zai gaji akwatin zai bukace su. Bayan mutuwar Fournier a 1917, ƙungiyar masu tara kan sarki ta Janeba ta saye ragowar kayansa, ta buga wa kowanne alamar jabu, ta shirya su a kundi 480 a 1928 don nazari. Hanyar da zan bi ke nan. Na rubuta “jabu” da fensir mai laushi a bayan kowanne, na buɗe musu shafuka a ƙarshen kundi, kowanne da dalilin da ya kama shi.

Kwabon Jebba da C.E.F. biyun na ɗauki hotonsu gaba da baya, na sa su a leda mai tauri. Ranar Litinin zan aika su ga kwamitin masana a Landan. Kafin amsa ta zo zan fara na Saliyo, daga ambulan ta uku.